Ɗakin da Malam Gidaɗo Ya Share wa Baƙo

Jawabin Alhaji Kyari Mai Atamfa a taron tunawa da marigayi Malam Gidaɗo, tsohon hedimasta kuma wanda ya kafa majalisar Shimfiɗa, a Azare, cikin watan Zulƙida, 2008.

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Godiya ta tabbata gare shi da ya tara mu a inuwa ɗaya muna masu lafiya. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Manzonsa, da alayensa da sahabbansa.

Wakilin Mai Martaba, a isar mana da gaisuwa, Allah ya ja zamanin Sarki. Hakimai da dagatai da suka taso daga Shira da Bulkachuwa da Gamawa, ranku ya daɗe. Limamai da malamanmu na kowane masallaci, Allah ya gafarta muku. Wakilan ƙaramar hukuma da na ofishin ilimi, malaman makaranta tsofaffi da masu ci, 'yan'uwana 'yan kasuwa, manoma da makiyaya. Sai iyalan mamaci: Hajiya Ruƙayyatu, wadda takaba ta riƙe a gida, amma na san kafin magariba za a kai mata duk abin da na faɗa har da wanda ban faɗa ba, babban ɗansa Abdurrahim, 'yarsa Malama Juwairiyya, da sauran 'ya'ya da jikoki. Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Da aka ce ni zan yi magana yau, na tambaya ko masu digiri sun ƙare a ƙasar Guddiri ne. Aka ce ba su ƙare ba, amma ba a son taron ya zama zaman makoki na biyu. To, nan kam an zo gidan. Ni Babarbare ne, Malam Gidaɗo Bafillace, unguwa ɗaya muka tashi, kuma tun muna tsallaka katangar mutane muna tsinkar mangwaro nake ce masa bawana, shi ma yana ce mini bawansa. Ya tafi ba mu raba gardamar ba. Saboda haka wanda ya zo da hawaye ya ɗan ajiye su a aljihu, in na sauka sai ya ci gaba. Ni ma nawa suna nan, ban zubar da su duka ba.

Amma kafin dariya, akwai maganar da ke yawo a gari, gara in faɗe ta a fili. Kun ji an ce taron yau ba bankwana da Malam kaɗai ba ne, har da Shimfiɗa, majalisar nan da ya kafa, inda muke gayyato manyan masana su yi mana magana a kan siyasa da addini da zaman jama'a. Ba ƙarya kuka ji ba. Kwamiti ya zauna, ina ciki, aka ce tun da mai tabarma ya tafi, a naɗe ta cikin mutunci, baƙon da aka riga aka gayyata na bayan Babbar Sallah kuma a ba shi haƙuri. Ni aka aika in kai wa iyalinsa wannan saƙo. Na kai. Amma kafin in gaya muku yadda muka yi, bari mu tuna abin da ake shirin naɗewa, domin akwai yara a nan da suka tashi suka tarar da shi kamar yadda suka tarar da kasuwa, suna zaton shi ya kafa kansa.

Ku tuna yadda garin nan yake a shekarar 2001. Magana ta yi yawa, kunne ya yi kaɗan. Maganar shari'a, maganar jam'iyya, maganar wa ke kan sunna wa ya kauce. Wa da ƙane sai su raba masallaci, maƙwabta su daina aika wa juna tuwo. A cikin wannan yanayi wani malami ya zo wa'azi daga nesa. Ya yi magana mai zafi, yana sauka matasa suka yi kansa. Wanda ya sha gabansu wani dattijo ne mai sayar da goro, Allah ya jiƙansa, wanda kowa ya san bai yarda da ko harafi ɗaya na wa'azin ba. Abin da ya haɗa su kawai, an rasa masauki ne aka roƙe shi ya ba malamin ɗaki. Tsohon nan ya buɗe hannuwa ya ce da yaran: "Ku bari ya bar gidana tukuna. Yanzu tuwona ne a cikinsa." Yara suka tsaya cirko-cirko, ɗaya bayan ɗaya suka watse.

Mu duka mun ga wannan, muka yi ta ba da labari a wurin mai shayi. Malam Gidaɗo kaɗai ya ga abin da za a yi da shi. Washegari sai ga shi a shagona, ya ture mini bandir ɗin atamfa ya zauna, ya ce zai riƙa gayyato masana daga jami'o'i da manyan zaurukan karatu, kowa da irin ra'ayinsa, amma da sharaɗi guda. Duk baƙon da zai zo, ba otal, ba gidan saukar baƙin gwamnati. A gidan wanda ya fi kowa ƙin maganarsa zai sauka. Mai gidan ne zai tarye shi a tasha, ya sa a kai masa ruwan wanka, ya ci abinci da shi a kwano ɗaya, ya rako shi filin taro, ya gabatar da shi da bakinsa. Ladansa kuwa, tambayar farko tasa ce, kuma ba mai katse shi. Na ce masa nono ya hau masa ka, ya je ya kwanta. Ya ce shi ya sa Barebari suka yi shekara dubu da sarauta ba su ƙirƙiro komai ba sai burabusko.

Ya kasance mai sanin halinmu fiye da yadda muka san kanmu. Ya san Baguddire zai iya zagin mutum daga nesa har muryarsa ta dushe, amma ba zai yarda a ce baƙonsa ya kwana da yunwa ba, balle a jefe shi. Bai taɓa cewa mu daina saɓani ba. Cewa ya yi mu yi saɓanin bayan mun wanke hannu a ruwa ɗaya.

Ya kasance mafaraucin masu fushi. In ya tsayar da baƙo, sai ya hau kekensa ya bi majalisu, daga bakin kasuwa zuwa tashar mota zuwa gindin darbejiyar asibiti. Ya zauna ya sha shayinsa mara sukari, can sai ya jefa sunan baƙon kamar da wasa, ya koma gefe yana kallon wuyan mutane. Wanda jijiyarsa ta fi tashi, shi ne mai masauki. Da aka gane dabarar, sai manyan gari suka koyi haɗiye fushi in sun hango kekensa. Ana ambaton sunan wanda suka tsana sai ka ji suna cewa ai mutumin kirki ne. Bai dame shi ba. Sai ya koma ta bayan gida, ya sa Hajiya Ruƙayyatu ta ji daga bakin matansu wane ne ke zagin rediyo in mutumin yana magana. Ba wanda ya tsira.

Ni ma ban tsira ba, kuma tun da ni ke riƙe da lasifika, da kaina zan fara.

Gab da zaɓen 2003 ya gayyato wani farfesan kimiyyar siyasa, dogo siriri mai farin gilashi, wanda ya yi suna wajen cewa 'yan kasuwar da ke buga atamfa da hoton 'yan takara ana raba wa mata su ne ke sayar da ƙasa yadi-yadi. Jama'a, kun san sana'ata. Atamfar nan ni nake kawo ta, ta kowace jam'iyya, ban ware kowa ba, kuma har gobe in an kaɗa gangar zaɓe ku zo shago akwai. Da na ji sunansa ban ma san na miƙe tsaye ba. Malam ya kurɓi shayi ya ce, "Alhamdu lillahi, an samu."

Na yi rantsuwa, na yi kumfar baki. Ya ce ba komai, zai gaya wa gari cewa Alhaji Kyari ba shi da ɗakin baƙo. Wannan kuwa ba Babarbaren da zai ɗauka. Na je tasha na ɗauko Farfesa. Uwargidana Ya Gana, ga ta can cikin mata tana rufe fuska, ta ce ko maƙiyin Alhaji ne sai ya san ya shigo gidan Barebari. Ta turara burabusko, ta yi miyar kifi, ta sa turaren wuta har maƙwabta suka zaci aure ake. Ta shiga ɗakin ajiya ta zaɓo ƙyalle sabo fil, wanda ba a taɓa wankewa ba, ta shimfiɗa masa a gado, domin a wurinmu girmama baƙo shi ne a ba shi abin da ba wanda ya taɓa amfani da shi. Sabon ƙyalle kuwa a gidana a wannan watan iri ɗaya ne.

Da safe na shiga gaishe shi, sai na tarar da shi zaune a bakin gado, gilashi a hannu, yana kallon zanen. Fuskar ɗan takarar da ya fi caccaka a jarida ce, tun daga matashin kai har ƙafa, tana yi masa murmushi. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Na tambaye shi ya kwanan baƙunta. Ya ce: "Alhaji, shekara da shekaru 'yan siyasa ke kwana a kanmu. Jiya dai na rama." Muka yi dariya har Ya Gana ta leƙo ta ga ko lafiya.

Kada ku zaci dariyar ta sa ya rage mini. Da la'asar na tsaya a filin nan na gabatar da shi, ya karɓi lasifika ya wanke ni tas, da ni da sana'ata, burabuskona na cikinsa. Ana cikin haka wasu 'yan bangar siyasa suka taso daga baya da sanduna. Wallahi ban yi shawara da kaina ba. Sai ganina na yi a gabansa, na baza babbar riga, ina ce musu duk wanda ya taɓa shi ya taɓa ni, kuma na san uban kowa a cikinsu. Suka koma suka zauna. Sannan na juyo na yi masa tambayata: matar da ba ta taɓa samun komai daga gwamnati ba sai wannan turmi ɗaya, in an hana ta shi, me zai ba ta a madadinsa? Ya ce tambayar ta fi amsar da ya zo da ita, amma duk da haka bai janye ba. Ni ma ban janye ba. Har yau duk Sallah sai ya kira ni, mu gaisa, mu ɗora daga inda muka tsaya.

Alhaji Babayo na Bulkachuwa, na gan ka kana dariya. Ka ba ni izini jiya, to ga naka.

Malam ya gayyato Dakta Mas'uda, malamar fiƙihu, ta yi magana a kan gadon mata, musamman gona da shanu da ake cewa a bar su a hannun maza don kada su fita daga gida. Alhaji Babayo ya ce mace ba za ta zo ta koya masa rabon gado ba. Kun san sauran: a gidansa ta sauka. Sai dai a nan Alhaji ya yi lissafin da bai fita ba. Ya ɗauka tun da mace ce, a cikin gida za ta zauna wurin mata, shi yana zaure, ba ruwansa da jin maganarta. Ya manta su wa ke cikin gidan. Ƙannensa mata suna nan, da matansa, da 'ya'yansa, da maƙwabtan da suka shigo ganin baƙuwa. Kafin a kai ga filin taro an riga an yi laccar a bakin murhu, an maimaita. Ya rako ta yana gaba tana baya, ya gabatar da ita a taƙaice kamar mai haɗiye magani, ya yi tambayarsa da nassi, ta amsa da nassi. Bai ce ya yarda ba, kuma ban taɓa jin ya ce ba. Amma da damina ta zo, an ga an ja sabuwar iyaka a fadamarsu. In ka tambaye shi sai ya ce dama can yana da niyya. Mun yarda, Alhaji, Allah ya ba da lada.

Ba kullum ake dacewa ba, kada in yi muku ƙarya a kan mamaci. An yi mai masaukin da ya ciyar da baƙonsa kamar sarki amma bai ce masa uffan ba har ya tafi. An yi waɗanda suka rabu da gaba fiye da yadda suka haɗu. Sannan akwai ranar da ba za mu manta ba, da wani babban masani ya zo a mota mai sanyi, ya leƙa ɗakin da aka gyara masa a gidan wani maƙeri, ya ce shi fa a otal zai kwana, da safe a zo a ɗauke shi. Mun roƙi Malam ya kau da kai sau ɗaya, mutumin babba ne, an yi shela, mutane sun taso daga ƙauyuka. Ya ƙi. Ya je ya gaishe shi cikin ladabi, ya yi masa godiya, ya ce Allah ya kiyaye hanya. Da la'asar fili ya cika maƙil, ya hau ya ce: "Baƙonmu ya ƙi shimfiɗarmu. Wanda bai iya kwana ɗaya a cikinmu ba, me zai gaya mana a kan zamanmu?" Ya sauka. Mun yi wata muna jin haushinsa, ni a kan gaba. Amma daga ranar ba baƙon da ya sake tambayar otal.

Ya kasance malamin makaranta kafin komai, kuma a haka ya so a san shi. Ya koyar a Shira, ya koyar a Gamawa, ya riƙe makarantu a ƙauyukan da ba mai son a tura shi, kafin ya dawo nan ya yi hedimasta har ya yi ritaya. Rabin waɗanda ke kan kujerun gaba a yau sun sha bulalarsa, ragowar rabin kuma sun gudu ne kafin ta sauka.

Ya kasance mai taurin kai, wannan ko iyalinsa ba za su musa ba. In ladan ya ɗaga murya, ko wane ne ke magana, ko yana tsakiyar kalma, sai ya miƙa hannu ya karɓe lasifika. Ya taɓa yi wa wani shehin malami haka yana cikin jan aya, ya ce masa Mai ayar ne ke kira.

Ya kasance ba ya zama a kujerar gaba a taron da shi ya haɗa. Can baya yake tsayawa wurin masu kekuna, hannu a baya, yana kallon fuskokin mutane. Kuma duk tsawon shekarun nan bai taɓa saukar da baƙo ko ɗaya a gidansa ba. In na tsokane shi da rowar Fulani, sai ya ce shi ba ya ƙin maganar kowa, don haka bai cancanta ba.

Haka muke har bana. Wata ranar kasuwa yana zaune a shagona, rediyo na yi, sai aka sako hira da Dakta Bappayo. Ga waɗanda ba su sani ba, Dakta Bappayo ɗan Shira ne, ɗalibin Malam ne tun aji ɗaya, Malam ne ya yi ta sintiri gidansu har mahaifinsa ya yarda ya bar shi ya wuce sakandare. Yanzu malamin jami'a ne, ana jin maganarsa a ƙasa. Abin da ya faɗa a ranar shi ne makarantun firamare na gwamnati sun mutu, a daina zuba ruwa a kwando, a miƙa su ga masu zaman kansu.

Na juya zan yi magana, sai na ga abin da ban taɓa gani ba. Jijiyar wuyan Malam Gidaɗo ta tashi. Ya ce yaron da ya koya wa riƙe fensir a ƙarƙashin bishiya, yau shi ne ke yi wa makarantar gwamnati sallar gawa. Ransa ya ɓaci ƙwarai, irin ɓacin ran da uba ke yi. Ni kuwa, Allah ya yafe mini, daɗi ya kama ni. Na kurɓi shayina a hankali na ce, "Alhamdu lillahi, an samu."

Ya harare ni. Sannan ya ce, "Wannan nawa ne."

Ya gayyace shi, Dakta ya amsa, aka tsayar da Asabar ta farko bayan Babbar Sallah. Ku zo ku ga tsoho da ɗoki. Ya sa aka fitar da buhunan gero daga ɗakin zaure, aka yi shafe, aka yi fenti. Ya hana kowa sharar, shi da kansa yake yi. Ya riƙa zuwa shago yana gaya mini ya shirya wa yaron nan tambayar da za ta sa ya nemi ruwa. Na yi juyin duniya ya gaya mini ita, ya ce ba a ba Babarbare ajiyar magana. Ana gama yankan gero zazzaɓi ya kwantar da shi. Kwana kaɗan Allah ya karɓi abinsa. Ya tafi da tambayarsa, ba wanda ya ji ta.

Na yi rashin aboki, jama'a. Shago ya yi mini faɗi. Har yanzu in na ji ƙarar keke a ƙofa sai na ɗaga kai.

To, kun ga abin da ya sa kwamiti ya yanke abin da ya yanke, kuma ba don mugunta ba. Mai masauki ya rasu. Gidan gidan makoki ne, uwargida na takaba. In an kai baƙo otal an karya sharaɗin da Malam ya kori babban mutum a kansa. In an kai shi wani gida, wa ke jin zafin maganar kamar Malam? Shi kansa Dakta Bappayo, da ya zo ta'aziyya, ya riƙe hannuna yana kuka, ya ce ba zai iya tsayawa a garin Malam ya faɗi abin da ya ɓata wa Malam rai ba. Kowa ya ga hanya ta ƙare.

Shekaranjiya na tafi da saƙon. Abdurrahim ya shigar da ni zaure, Malama Juwairiyya ta kawo ruwa ta zauna daga gefe, Hajiya kuma tana bayan labule. Na yi ta kewaye-kewaye, na kawo hadisi, na kawo karin magana, da ƙyar na kai ga cewa an ga ya dace a ba baƙo haƙuri a rufe majalisa. Sannan Hajiya ta yi magana, kuma zan faɗe ta yadda ta faɗa.

Ta ce: "Alhaji, shekara bakwai Malam yana tura baƙi gidajen mutane, matan mutane na shan hayaƙi, ni ban taɓa dafa wa ko ɗaya ba. Har kunyar Ya Gana nake ji. Yanzu da nawa ya zo, shi ne za ku mayar da shi? Takaba fita ta hana ni, ba ta hana ni hura wuta ba. Ɗaki kuma a share yake, mai gidan ya share da hannunsa."

Na ce Hajiya, gaskiya ne, Abdurrahim zai iya zuwa tasha, zai iya cin abinci da shi. Amma sharaɗin ba na tuwo kaɗai ba ne. Dole mai masauki ya zama wanda ya fi kowa ƙin maganar, Abdurrahim kuwa kowa ya san 'ya'yansa a makarantar kuɗi suke.

Sai Juwairiyya ta ɗago. Ta ce: "Baba Kyari, ni nake shiga aji kullum a makarantar da Dakta ya ce ta mutu. Yaran sun fi ƙarfin benci, wasu a ƙasa suke zama, amma suna zuwa, ni ma ina zuwa. In akwai wanda ya fi Malam jin haushin maganar nan a garin nan, ni ce. Ban san tambayarsa ba. Ina da tawa."

Na kalli wuyanta, jama'a. Jijiyar gado ce.

'Yan kwamiti, ku yi mini afuwa, yanzu kuke jin wannan tare da kowa. Da gangan na yi, domin na san in na same ku a ɗaki za ku kafa ƙaramin kwamiti ya duba lamarin. An aike ni in naɗe tabarma, na tarar masu gida na zaune a kai. Wanda ke da ƙarfin cewa su tashi, ga lasifika.

Ban ga hannu ba. Madalla.

Dakta Bappayo, na gan ka tun ɗazu can baya wurin masu kekuna, kana sunkuyar da kai. Ɗago. Hajiya ta ba ni saƙo gare ka. Ta ce ranar Juma'ar da ke bayan Sallah Abdurrahim zai jira ka a tasha. Ta ce kuma in ka tsaya a filin nan, kada ka rage ko kalma ɗaya don Malam ya rasu. Yadda ka faɗa a rediyo haka za ka faɗa, har ka ƙara in kana da ƙari. Ba don ka lallashe shi ya gayyace ka ba. Ya gayyace ka ne don ya ɗauke ka mutumin da ya isa a yi gardama da shi, kuma duk rayuwarsa ba wanda ya ba wannan girma sai kai. Ka ci tuwon gidansu ka ƙoshi, domin 'yarsa na jiranka da la'asar.

Abdurrahim, kai ne babba yanzu. Ka riƙe ƙannenka, ka bar ƙofar zauren nan a buɗe. Juwairiyya, 'yata, kada ki ji tsoron taro, kada kuma ki ji tausayinsa, ya sha karatu zai iya ɗauka. Sauran 'ya'ya da jikoki, ubanku bai bar muku gidaje a Abuja ba, amma ba gidan da za ku ƙwanƙwasa a ƙasar nan a ce ba a san ku ba. A gaya wa Hajiya mun ji, mun bi, kuma Ya Gana ta ce tukunyarta babba tana nan in ana so.

Ina godiya ga wakilin Mai Martaba da iyayen ƙasa da suka bar ayyukansu suka zo. Ina godiya ga malamai, da waɗanda suka taso daga nesa, da matasan da suka jera kujeru tun hantsi. Ina godiya ta musamman ga duk gidan da ya taɓa saukar da wanda ba ya so, da matan da suka yi girkin.

Ya Allah, bawanka Gidaɗo ya sauka a wurinka, kai ne mafi alherin masu saukar baƙi. Ka gafarta masa, ka yi masa rahama, ka girmama masaukinsa, ka yalwata kabarinsa, ka sanya shi a Aljannar Firdausi tare da iyayenmu da malamanmu. Ka ba iyalinsa haƙuri, ka albarkaci bayansa. Ka zaunar da ƙasarmu lafiya, ka sa mu iya saɓani ba tare da mun yanke zumunci ba. In tamu ta zo, ka sa mu cika da imani.

Amin. Asabar bayan Sallah, bayan la'asar, a filin nan. Kowa ya zo da tabarmarsa.